Damargu: yadda ake gane shekaru da asalin munduwar gado

A Tanut ko Belbeji, mai shirin saida munduwar gado ya fara duba dutsen kamin dillali ya yanka masa kuɗi. Jan dutsen tsakiya ba na Damargu ba ne, fatake suka kawo shi. Na Kambay, a Indiya, da hannu ake huda shi ta gefe biyu, shi ya sa hudar ba ta cika miƙewa ba. Na Idar-Oberstein, a Jamus, wanda ya shigo a ƙarni na 19, sumul yake, girmansa ɗaya. In akwai kumfa ciki, kwalba ce. Idan an haɗa da riyalin Mariya Tereza, kada 1780 ta ruɗe ku: har yau da wannan shekara ake buga shi.