Ƙwarya Dubu da Shanu Hamsin

A littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, akwai wani labari da ba a cika kula da shi ba. A zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618–1623), Wambai Giwa ya ɗauki nauyin faɗaɗa ganuwa ta wajen Ƙofar Gadon Ƙaya da Kabuga da Kansakali. Marubucin bai tsaya a kan tsawon ginin ba, sai da ya faɗi abin da masu aiki suka ci: kowace safiya Wambai yakan kawo ƙwarya dubu ta abinci da shanu hamsin, har aka gama. Ko da an kambama lissafin, ya nuna cewa Kanawan da suna auna darajar mai ba da aiki da yadda ya riƙe masu yi masa.

A wancan zamani, a cikin birni babu mai saye kamar fada. Linzami da likkafa, takobi da mashi, sirdi da lifidi, rigunan da ake naɗa hakimai da su, yaɓen gidan sarki kafin damina, duk daga hannun masu sana'ar gari suke fitowa. Fada kuwa ba ta ciniki da kowane maƙeri shi kaɗai. Takan bi ta hannun sarakunan sana'a, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Fawa. Sarkin sana'a shi ke tara mutanensa, ya raba aiki, ya karɓi haraji, ya sasanta rigima, in abu ya yi tsanani ya kai kukansu gaba. Ta haka dukiyar hukuma ke komawa unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki, da marinar Ƙofar Mata, inda ake biyan kuɗin karofi.

Bai kamata a shafa wa wannan tsari zuma ba. Bayi sun yi aiki mai yawa ba lada, talaka bai isa ya ƙi gayyar sarki ba, kuma fada ke naɗa sarkin sana'a, ba 'yan sana'ar ke zaɓensa ba. Duk da haka akwai ƙofar da aka san ta nan muryar mai guduma ke shiga.

Zuwan Turawa ya sauya lissafi. A zamanin Sarki Abbas (1903–1919) aka kafa Baitulmali, aka fara albashi da kasafi a rubuce. Da kuɗin En'e aka kawo wa Kano ruwan famfo da lantarki a 1931, zamanin Abdullahi Bayero. Sannu a hankali ɗan kwangila ya shiga tsakanin hukuma da mai aiki, sarautun sana'a suka fi zama na girmamawa.

Kano ba ta rasa zuciyar kare ma'aikaci ba: gwamnatin Abubakar Rimi ta ba da hutun ranar 1 ga Mayu a 1980, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. A 2017 kuma muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a umarnin da ya ce kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatu ke kashewa kan kaya irin su takalma da kayan sarki da kujeru ya tafi ga na gida. Wannan magana ce da ta shafi badukun Ƙofar Wambai kai tsaye.

Amma sayen kayan gida daban, jin ta bakin mai yinsu daban. A 2023 yankin Wales na Birtaniya ya yi dokar da ta zaunar da ƙungiyoyin ƙwadago a majalisa ɗaya da gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata, ta kuma wajabta duba amfanin jama'a wajen ba da kwangila. Dokar sayayyar gwamnatin Najeriya ta 2007 ita ma ta tanadi majalisa, ta ba lauyoyi da injiniyoyi da 'yan kasuwa da 'yan jarida kujera. Ƙungiyar ƙwadago ba ta cikin jerin.