Ƙarancin sinadaran abinci a ƙaramin tankin murjani: Dalilai, alamomi da hanyar gyara

Bahaushe ya san murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke ɗaurawa a wuya da hannu. Asalinsa kuwa ƙashin wata dabbar teku ce, kuma jan da ake ado da shi galibi daga Bahar Rum ake ciro shi. Danginsa da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, irin waɗanda ke gaɓar Bahar Maliya daura da Jidda da Port Sudan, su ne ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku, kuma su ne mutane ke kiwatawa da ransu a cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri, musamman a Turai da Amurka da gabashin Asiya. Tankin da bai kai lita 150 ba shi ake kira ƙarami, wasu ma ba su wuce lita 20 ba.

Shekaru da dama babban abin da masu wannan kiwo ke tsoro shi ne dauɗa, wato taruwar sinadaran naitiret da fosfet, waɗanda ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. Idan suka yi yawa, gansakuka takan rufe duwatsu ta shaƙe murjani. Aka yi ta ƙera na'urori da magungunan tace ruwa har suka yi ƙarfin da a yau matsalar ta juya: tankuna da yawa, musamman ƙanana, yunwa ce ke kashe murjaninsu alhali ruwan yana garai-garai. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Abin da ya sa sifiri ba tsafta ba ce

Duk wanda ya taɓa sayen takin zamani na NPK ya riga ya san rabin bayanin. Harafin N na naitirojin ne, P kuma na fosfaras, kuma su ne dai ke cikin naitiret da fosfet. Murjani dabba ne, amma a cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta guda, waɗanda ke sarrafa hasken rana su ba shi mafi yawan kuzarin da yake rayuwa da shi. Wato dabba ce mai gona a jikinta, gona kuwa ba ta yi sai da taki.

Jörg Wiedenmann da Cecilia D'Angelo na Jami'ar Southampton da ke Ingila, tare da abokan aikinsu, sun nuna haka a wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2023. Sun ajiye murjani fiye da wata shida ba tare da ba shi abinci ba. Wanda ke cikin ruwa mai naitiret da fosfet ya ci gaba da girma, domin tsirran jikinsa suna hayayyafa yana cinye rarar. Wanda ke cikin ruwan da aka tsotse sinadaran kuwa ya daina girma, ya kuma koɗe, saboda ya ci gaba da cin tsirran ba tare da suna mayar da gurbi ba.

Akan yi musu da cewa ai ruwan tekun da murjani ya fi bunƙasa shi ma kusan babu waɗannan sinadarai a cikinsa. Gaskiya ne, har masana suka laƙaba wa wannan abin ɗaure kai sunan Charles Darwin, wanda ya wallafa littafinsa a kan tsaunukan murjani a 1842. Sai dai teku ba ya ƙarewa. Igiyar ruwa tana kawo sabo dare da rana, dubban kifaye suna kashi a kan murjanin, da dare kuma yana kama ƙananan halittun da ke yawo a ruwa. Tanki ba shi da wannan gata. Kayan gwaji suna auna sinadaran da ma'aunin ppm, wato kimanin miligiram ɗaya a cikin lita ɗaya. Tanki mai ruwa lita 50 da naitiret ɗinsa ya sauka zuwa 0.1 ppm, dukan abin da ke cikinsa miligiram 5 ne, kuma murjani da gansakuka da bakteriya duk a kansa suke kokawa.

Mafi yawan ƙwararrun masu kiwo suna riƙe naitiret tsakanin 2 da 10 ppm, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1 ppm. Ba doka ba ce, akwai tankunan da ke lafiya sama da haka. Akwai kuma tsarin ZEOvit na ƙasar Jamus, wanda da gangan yake riƙe sinadaran kusa da sifiri domin launin murjani ya fito fes, amma masu binsa suna ɗiga abinci iri-iri kusan kullum, kuma kuskure kaɗan yana da tsada. Ba hanyar ɗan koyo ba ce.

Yadda ƙaramin tanki ke faɗawa cikin yunwa

Kifin da tanki mai lita 60 zai ɗauka bai wuce biyu ko uku ƙanana ba, don haka abin da ke shiga kaɗan ne. Abin da ke fita kuwa yana da yawa. Canja kashi 20 cikin 100 na ruwan bokiti guda ne kawai, shi ya sa mai ƙaramin tanki yakan yi shi kowane mako ko da babu buƙata. Ga na'urar kumfa da ake kira sikima, wadda ke kwashe dauɗa tun kafin ta ruɓe. Ga garin ƙarfe na GFO mai tsotse fosfet. Ga ciyawar teku ta Chaetomorpha da ake shukawa a ɗakin bayan tanki don ta sha sinadaran. Wasu har sukari ko ruwan khal suke ɗigawa domin bakteriya su yawaita su cinye naitiret. Kowanne an yi shi ne don babban tanki mai cike da kifi, sai a tara su duka a kan kifi biyu.

Akwai kuma batun dutse. Busasshen dutsen alli da farin yashin da ake fara sabon tanki da su suna kama fosfet su riƙe a jikinsu, don haka tankin da bai shekara ba yakan nuna sifiri ko da ana ciyar da kifi sosai.

Alamomi

Na farko launi ne. Murjani yakan yi fari-fari kamar tufar da ta sha wanki, girma ya tsaya, masu taushi su ƙi buɗewa, masu kauri kuma namansu ya janye har ƙashi ya bayyana. Ciyawar bayan tanki takan yi fari ta narke. Gilashin da a da ake gogewa duk kwana biyu sai ya yi mako bai yi kore ba, abin da mai tanki kan ɗauka nasara ce. A jikin murjani mai rassa irin Acropora, bakin rassan yakan yi fari fat kamar an ƙona, musamman idan alkaliniti, wato yawan kabonet ɗin da yake gina ƙashi da shi, ya haura 9 a ma'aunin dKH. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ƙashin yana tsawo da sauri fiye da yadda naman da ke cikin yunwa zai iya rufe shi. Saboda haka a irin wannan tanki ana riƙe alkaliniti tsakanin 7 da 8, kusa da na teku.

Mafi muni ita ce annobar wasu ƙananan halittu da ake kira dainofilajelet. Sukan fito kamar majina mai ruwan ƙasa, da zare-zare da ƙwayoyin kumfa a maƙale, su rufe yashi da duwatsu idan fitila na kunne, su ragu da dare. Suna jure yunwa fiye da sauran gansakuka, don haka idan abokan takararsu suka mutu sai fili ya zama nasu. Wasu daga cikinsu, kamar Ostreopsis, suna da guba, kuma mutuwar dodon koɗi ɗaya bayan ɗaya takan zama shaidar zuwansu. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa: mai tanki ya ga ƙazanta, sai ya ƙara canja ruwa, ya ƙara GFO, ya rage abinci, wato ya ƙara wa wuta fetur. Ostreopsis yana tashi ya yi iyo da dare, don haka fitilar UV da ruwa ke bi ta cikinta tana kashe shi. Nau'in Amphidinium mai zama a yashi kuwa fitilar ba ta cika samunsa ba. Ba a bambanta su sai da madubin ƙara girman ƙananan halittu.

Kafin a yarda da sifiri sai an tuhumi gwajin. Kayan gwajin da ake kwatanta launi da ido ba sa iya raba 0.02 da sifiri a fosfet, sai na'ura mai karanta launi irin ta kamfanin Hanna. Wasu daga cikin na'urorin fosfaras suke aunawa da ppb, kuma 10 ppb daidai yake da kimanin 0.03 ppm na fosfet. Haka nan tankin da koriyar gansakuka mai gashi ta cika, gwaji ya ce sifiri, ba ya cikin yunwa. Gansakukar ce ke shanye sinadaran kafin a auna, kuma maganinsa daban ne.

Gyara

Ana farawa ne da rage abin da ke fita, domin ba ya cin ko kwabo. A cire GFO, a rage sukari ko khal sannu a hankali har a daina, a yanke rabin ciyawar baya a kuma rage awannin fitilarta, a tsaita canjin ruwa na mako biyu ko uku. Sikima kuwa an fi so a cire kofinta a bar ta tana aiki, dauɗar ta koma cikin tanki, saboda ita ce ke sa iska a ruwa da dare.

Sai ƙarin abinci, kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana maimakon sau ɗaya. Amoniyar da kifi ke fitarwa ta fi naitiret sauƙin sha ga murjani, shi ya sa kifi mai ƙoshi ya fi kwalbar magani. Amma ƙara yawan kifi a tankin lita 60 don neman taki ba dabara ba ce, faɗa da ƙarancin iska za su biyo baya.

Idan bayan mako biyu gwaji bai motsa ba, sai a ɗiga sinadaran kai tsaye, kuma fosfet ake fara gyarawa. Ayarin Southampton ɗin nan ya nuna tun a 2013 cewa idan naitirojin ya yi yawa alhali fosfet ya yi ƙaranci, tsirran jikin murjani sukan raunana, zafi da haske su koɗar da shi cikin sauƙi. Wannan ya fi shafar mai tanki a gari mai zafi, inda riƙe ruwa tsakanin digiri 24 da 26 a lokacin bazara yake buƙatar na'urar sanyaya ruwa da wutar da ba ta yankewa. Ana ƙara fosfet da 0.01 zuwa 0.02 ppm a rana. A kwanakin farko zai ɓace cikin awanni, domin dutse yana sha, kuma ba dalili ba ne na ninka awo. Idan dutsen ya ƙoshi lambar za ta tsaya da kanta, wani lokaci ma ta yi tsalle.

Lissafin naitiret mai sauƙi ne. Kashi 73 cikin 100 na nauyin gishirin sodiyam naitiret naitiret ne. Giram 10 a cikin lita ɗaya ta tataccen ruwa yana ba da miligiram 7.3 a kowace mililita. Tankin lita 60, bayan an cire wurin dutse da yashi, ruwansa kimanin lita 50 ne, don haka mililita 7 za ta ɗaga shi da 1 ppm, kuma hakan ya isa na rana guda. Sinadarin ya zama mai tsabta irin na abinci ko na ɗakin gwaji. Takin gona bai dace ba ko kaɗan, domin yana iya ƙunsar tagulla da wasu ƙarafa, tagulla kuwa ɗan kaɗan ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi.

Ana gwada ruwan kullum a lokaci guda a makon farko, a rubuta, daga nan sau biyu a mako. Koriyar gansakuka takan dawo a gilashi cikin 'yan kwanaki, wadda alama ce mai kyau, kuma dodon koɗi zai yi maganinta. Launin murjani ba ya dawowa sai bayan makonni, wanda namansa ya janye kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya sake rufe ƙashinsa. Da zarar ya koma girma zai ƙara shan kalsiyam da kabonet, don haka a wannan lokaci ana sake auna alkaliniti a daidaita awonsa.