Soyayya, Raha Da Leƙen Asiri A Ƙagaggun Labarai: Armashinsu Da Rauninsu



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wani irin ƙagaggen labari wanda ya haɗa abu uku a ƙwarya guda, watau soyayya, da ban dariya, da leƙen asiri. Galibi zubinsa ɗaya ne. Hukuma takan aiki saurayi ko budurwa su yi shigar burtu don gano wani sirri, sai aikin ya gama su da wanda zuciya ta kwanta da shi, a yi ta ɓoye-ɓoye da rashin fahimta masu sa dariya, daga bisani asiri ya tonu, a yafi juna, a ɗaura aure. Nufina in nuna cewa ƙarya ita ce gishirin wannan labari, ita ce kuma ciwonsa, sa'an nan in nuna inda marubucin Hausa zai samo kayan gina nasa.

Asalinsa Da Yadda Ya Iso Mana

Labarin leƙen asiri ya bunƙasa a Turai zamanin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. A 1953 Ian Fleming ya fito da James Bond, a 1962 aka fara sa shi a majigi. A 1958 kuwa Graham Greene ya buga Our Man in Havana, labarin wani Bature mai sayar da injin shara a ƙasar Kyuba, wanda hukumar asirin Ingila ta ɗauka aiki. Da yake ba shi da abin da zai kai rahoto, ga kuma 'yarsa mai son kashe kuɗi, sai ya riƙa ƙago 'yan rahoto na bogi, yana zana sassan injin shara yana aikawa London a matsayin makamai. Sakatariyar da aka turo masa ita ce ta zama masoyiyarsa. A Indiya ma an yi haka a fim ɗin Farz na 1967, inda ɗan leƙen asiri yake waƙa da rawa da budurwarsa.

Waɗannan labarai sun shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce gidajen silima na Kano, irin su Rex da Palace, inda Kwarori suka riƙa kawo finafinan Indiya tun shekarun 1950. Ta biyu ita ce makarantun sakandare, inda ɗalibai suka riƙa aron littattafan James Hadley Chase da na Mills & Boon hannu da hannu, har zuwa 1977 da kamfanin Macmillan ya fara jerin Pacesetters na marubutan Afirka.

To, amma kowane ɗaya daga cikin sinadaran nan uku yana da tushe a rubutun Hausa. Gasar da Dokta Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta yi wa juna wayo da ɓad-da-kama, ta kuma haifar da Jiki Magayi na John Tafida da East, labarin soyayyar da dukiya ta raba. A Magana Jari Ce akwai wazirin da ya haɗa baki da abokan gaba a asirce, aku ya warware masa ƙulli. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. A 1982 aka sami Turmin Danya, wanda ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare mai cike da makamai da miyagu. Daga nan sai ambaliyar littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Soyayya ta zama rukuni mai zaman kansa, haɗin nan na uku kuwa bai kai ga haka ba.

Armashinsa

Me ya sa mai karatu yake son irin wannan labari? Dalili na farko shi ne, masoyi da ɗan leƙen asiri sana'arsu ta yi kama. Kowannensu yana ɓoye abin da ke ransa, yana karanta fuska, yana neman ɗan aike amintacce. A al'adar da kunya ta hana budurwa furta so a fili, wannan kamanni ba baƙo ba ne. Na biyu, mai karatu ya san sirrin da taurarin labarin ba su sani ba, daga nan ne dariya take tasowa. Na uku, irin wannan labari yakan ba mace aiki da wayo da ikon yanke shawara, maimakon ta zauna tana kuka tana jiran a yi mata auren dole.

Rauninsa

Rauni na farko shi ne sauƙin yafiya. Mutum ya shafe babi ashirin yana yi wa yarinya ƙarya game da sunansa da asalinsa da sana'arsa, sai a shafi na ƙarshe ya ce aiki ne ya sa, ta yi murmushi, magana ta ƙare. Aure kuwa amana ne, wanda aka fara da yaudara ba ya gyaruwa da murmushi.

Na biyu ya fi nauyi, domin leƙen asiri a tarihinmu ba abin wasa ba ne. Kafin Turawa su ci ƙasar nan sun yi amfani da 'yan ƙasa masu kai saƙo, waɗanda suke komawa da labarin ganuwa da dawaki da halin sarakuna. Sananne a cikinsu shi ne Adamu Jakada, wanda ya yi wa Kamfanin Neja da gwamnatin Lugga aiki zamanin Sarkin Kano Alu. A watan Fabrairu na 1903 Kano ta faɗi, a watan Maris Sakkwato ta bi. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976 aka kafa hukumar tsaro ta NSO, wadda aka yi kuka da ita kan tsare mutane ba shari'a, har aka rushe ta a 1986. A watan Yuli na 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko a London, aka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin sama na Stansted. Marubucin da ya mai da wannan sana'a kayan ado kawai ya tauye wa mai karatu gaskiya. Abin da ya ɗaukaka littafin Greene ke nan: ƙaryar da ta sa mu dariya a farko ita ce ta jawo kashe mutane a ƙarshe, har da amininsa.

Na uku shi ne aro ba gyara. Mu ɗauki Dawanau, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, mu ajiye James Bond a can. Ƙasa ce mai cunkoson gonaki da gidaje, kowa ya san kakan kowa. Kafin baƙo ya gama shan ruwa an tambaye shi garinsu da mai masaukinsa, kafin magariba mai unguwa ya ji labarinsa. Jarumin aro ba zai kwana biyu asirinsa a rufe ba.

Kayan Gida

Duk da haka, a Dawanau ɗin nan akwai kayan gina labarin. Ga babbar kasuwar hatsi wadda ta kafu a shekarun 1980, inda fatake daga Nijar da Chadi da kudancin Nijeriya suke haɗuwa, dillali yana ɓoye farashi, attajiri yana tura yaransa kasuwannin ƙauye su jiyo masa labari. Ga rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga 2019 zuwa 2020, wanda ya sa 'yan fasa-ƙwauri da jami'an kwastan suka riƙa leƙen juna. Mafi kusa kuma, ga binciken aure, inda iyaye suke tura tsohuwa ko amini unguwar saurayi a asirce don a san asalinsa da halinsa. Ga dillaliya mai shiga kowane gida, ga 'yar talla mai ɗaukar saƙo ƙarƙashin faifai. Ashe da 'yan leƙen asirinmu na soyayya tun kaka da kakanni, dariyarsu kuwa a shirye take.

Kammalawa

Ɗalibai masu sha'awar rubutu, ku karanta na waje ku koyi saurin labari da iya riƙe mai karatu, amma ku gina naku da ƙasar da kuka sani, ku kuma bar ƙarya ta biya kuɗinta kafin a ɗaura aure. Ku kuwa ma'aikata da ake damƙa wa fayil na sirri, kun fi kowa sanin nauyin amana, ku ne za ku fara gane labarin da ya yi wasa da ita.