Lokacin Aikin Haƙori da Rigakafin Ƙwayoyin Cuta ga Masu Tiyatar Sauya Bawul ɗin Zuciya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin lokacin da ya dace a yi wa majinyaci aikin haƙori kafin tiyatar sauya bawul da bayanta. Ta nuna cewa cire haƙori gab da tiyata yana da nasa haɗari, don haka tsara lokaci ya fi yawan cirewa muhimmanci.

Gabatarwa

Bawul ɗin da aka dasa, na ƙarfe ne ko na tsokar dabba, wuri ne da ƙwayoyin cuta ke saurin maƙalewa. Idan dasashi ya yi jini, ƙwayoyin sitireftokokus na baki kan shiga jijiya su sauka a kansa, su haddasa endokaditis, wato ciwon bangon cikin zuciya. Wannan ne ya sa ake tura majinyaci wurin likitan haƙori kafin a ba shi ranar tiyata.

Kafin tiyata

Ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai na 2015 sun buƙaci a kawar da duk wata mugunya ta baki aƙalla mako biyu kafin dashen, sai dai in tiyatar ta gaggawa ce. Amma wani bincike da asibitin Mayo na Amurka ya wallafa a 2014 ya sa a yi hattara. Cikin majinyata 205 da aka cire wa haƙori kafin tiyatar zuciya, kashi 8 cikin 100 sun gamu da mummunar matsala, kashi 3 kuma sun rasu kafin ranar tiyatar ta zo. Binciken bai tabbatar da cewa cirewar ce ta kashe su ba, domin dama zukatansu sun raunana. Duk da haka, a ganin mai wannan nazari, garin neman gira bai kamata a rasa ido ba: haƙorin da ya ruɓe ya tara mugunya shi ne na cirewa, wanda ciko zai wadatar kuwa a bar shi.

Maganin rigakafi

Nan ne masana suka rabu. A 2007 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta taƙaita rigakafin ga masu babban haɗari, ciki har da masu dasasshen bawul. A 2008 hukumar NICE ta Ingila ta soke shi baki ɗaya, sannan ta sassauta lafazinta a 2016, bayan mujallar Lancet ta wallafa binciken da ya nuna ƙaruwar cutar a ƙasar. Abin da Amurka da Turai ke bi shi ne amoksisilin giram 2, sau ɗaya, minti 30 zuwa 60 kafin aikin da zai taɓa dasashi. Tun 2021 Amurka ta janye kilindamaisin daga jerin madadin amoksisilin saboda mummunan gudawan da yake jawowa.

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, da yawa daga masu buƙatar wannan tiyata matasa ne da zazzaɓin rumatik ya lalata wa bawul, wasunsu kuma sun daɗe suna karɓar allurar fenisilin ta wata-wata. Ƙwayoyin bakin irin waɗannan na iya sabawa da fenisilin, don haka a zaɓa musu wani rukuni, kamar azitoromaisin miligiram 500.

Bayan tiyata

Likitoci da dama kan jinkirta aikin da ba na dole ba na wata uku zuwa shida. Mai bawul na ƙarfe yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwarsa, kuma ba a dakatar da shi saboda cire haƙori ɗaya ko biyu. Ana auna INR, wato ma'aunin daskarewar jini, gab da aikin, a tsayar da jini da ɗinki da ruwan kurkura na tiranekzamik. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl kuma ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, yana ƙara wa warfarin ƙarfi har jini ya ƙi tsayawa, don haka dole a tambayi majinyaci abin da ya riga ya sha a gida kafin a taɓa bakinsa.