Zare: tarihin tsiren Kolkata da ake naɗewa a gurasa

1/ Jiya da daddare na fito daga karatu da yunwa, sai na tarar an kwashe teburin mai tsiren bakin ƙofar makarantarmu. Wai yana tare hanya. Garin kwaki na jiƙa na kwanta. Haushin nan ne ya sa zan ba ku tarihin wani tsire na Indiya da shi ma aka sha kora. Ku biyo ni.

2/ Sunansa kathi roll, daga birnin Kolkata na jihar Bengal ta Yamma. Mu da muka taso da fim ɗin Indiya, Bombay muka fi sani, amma Kolkata ce babban birnin Indiya a hannun Turawan Ingila har zuwa 1911 da aka koma Delhi. A da Calcutta ake kiranta, a 2001 aka canza.

3/ Ga yadda ake yi. A soya paratha a faffaɗan kasko, wata gurasa ce mai maiƙo da ke ɓarewa falle-falle. A fasa ƙwai a kanta irin na mai shayi. A zare gasasshen nama daga tsinke a jera a tsakiya, a zuba albasa, ɗanyen barkono da lemun tsami, a naɗe, a rufe rabi da takarda. Kana tafiya kana ci.

4/ "Kathi" ɗin ma a yaren Bengali tsinke yake nufi. Wato tsire da gurasa ne, 'yan Kano kun gane.

5/ To ina gashin ya samo asali? Sai mun koma baya. A 1856 Turawa suka tuɓe Wajid Ali Shah, sarkin Awadh da ke mulki a Lucknow. Ya ƙarasa rayuwarsa a Metiabruz, gefen Calcutta, ya rasu a 1887. Ya tuna min da Sarkin Kano Alu da aka kai Lokoja. Sai dai shi Wajid bai tafi shi kaɗai ba, da fadawa da mawaƙa da masu girki ya tafi.

6/ Masu girkin nan da sauran Musulmin da suka riƙa kwararowa daga arewacin Indiya da Bihar neman kuɗi, su suka kafa kebab da biryani a garin. Biryanin Kolkata har yau da dankalin Turawa a ciki, ana danganta hakan da zamanin wannan sarki.

7/ Naɗewar kuwa, gidan abinci na Nizam's ake ba wa, kusa da kasuwar New Market wadda aka buɗe a 1874. Gidan yana ƙirga shekarunsa daga 1932. Labarin da ya fi yawo shi ne wai Turawa ne ba sa son maiƙo a hannu, sai aka naɗe musu naman.

8/ Ni dai labarin nan bai kwanta min ba. Komai sai an ce don Bature aka yi? Akwai wata ruwayar da ke cewa ma'aikatan ofis ne masu sauri suke son abin ci a tafe. Ita na fi yarda da ita, don yau ma su da ɗalibai irina ne ke cika layin.

9/ Da farko da tsinken ƙarfe ake gashi. Ana cewa a 1964 Nizam's suka koma na gora, mai arha mara nauyi, daga nan sunan ya bi shi. Daga baya masu rumfa suka ƙaro miyar barkono irin ta 'yan Sin mazauna garin, da kaza, da paneer ga waɗanda ba sa cin nama.

10/ Yanzu ga inda ya taɓa ni. Da aka raba Indiya a 1947, an tsaga Bengal biyu. 'Yan gudun hijira suka cika Calcutta, aka sake a 1971 lokacin yaƙin Bangladesh. Mutum ba gona, ba shago, ba jari, ina zai nufa? Bakin titi. Wani ya kasa tufafi, wani phuchka, wani jhalmuri, wani ya kafa kasko.

11/ A Nuwamba 1996 gwamnatin jihar, ta 'yan gurguzu ce ma fa masu cewa su na talaka ne, ta ƙaddamar da Operation Sunshine. Cikin dare aka shigo da katafila aka rushe rumfuna a Gariahat da Shyambazar. Dalilin? Suna tare hanya. Maganar da aka faɗa wa mai tsirenmu ke nan.

12/ Kuma gaskiya suna tarewa, ba zan ɓoye ba. Amma ba a daɗe ba suka dawo, don masu saye ba su je ko'ina ba. Ƙungiyoyin 'yan tireda suka yi ta zanga-zanga da zuwa kotu, har a 2014 majalisar Indiya ta yi dokar kare masu sana'ar bakin titi: a ƙirga su, a ba su takarda, kada a tashi mutum sai da sanarwa. Aiki da ita kam tafiyar hawainiya yake yi.

13/ Shi kuwa kathi roll tun 2002 yake da shago a New York, ana biyan dala a saya.

14/ Mai tsirenmu an ce ya koma bayan tashar mota. Anjima in an fito lakca zan je in duba. Yana bina ɗari biyar.