Daga Hantsi da Walaha Zuwa Ƙarfe Goma Sha Shida

Kakanninmu a Gwadangaji ba su rasa sanin lokaci ba don ba su ɗaura agogo ba. Manomin shinkafa a fadamar Rima yana da asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru da talatainin dare, kuma inuwa da ladan sun ishe shi. Lissafin awa ashirin da huɗu baƙo ne, shi ya sa 16:00 ke sa dattijo ya tsaya ƙirga da yatsu.

Mutanen Masar na dā ne suka raba yini kashi 12, dare kashi 12. Amma yaɗuwar jera awoyin a ƙirga su tiryan-tiryan aikin zamanin jirgin ƙasa ne, domin kuskuren bakwai na safe da bakwai na yamma a kan dogo ɗaya yana iya cin rai. Injiniya Sandford Fleming na Kanada ya yi ta fafutukar haka, taron Washington na 1884 kuma ya amince ranar duniya ta fara da tsakar dare, daga sifili zuwa 24. Italiya ta karɓa a 1893, Faransa a 1912, sojan ƙasa na Ingila a 1918. Nijeriya ta tsayar da agogonta awa ɗaya gaba da na Greenwich a 1919.

Dogo bai iso mu ba. A Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929. Ta bakin soja da 'yan sanda wannan ƙirga ta shigo mana, sai kuma maƙwabtanmu na Gaya da Dosso, waɗanda suka gaje ta daga Faransawa.

Inda ta fi tarko shi ne bayan tsakar dare. 'Yan'uwa mazauna birane, ku lura idan kuna yanka wa iyaye tikitin jirgin sama. A ƙirgarmu ta Musulunci dare ke riga yini, don haka daren Juma'a yana shiga ne da magaribar Alhamis. Tikiti mai 01:30 ranar Juma'a wannan daren yake nufi. Wanda ya bari sai ya yi Masallaci sannan ya ɗaura kaya, jirgi ya bar shi tun kafin asuba. In maniyyaci ne, a tuna masa agogon Makka yana gaba da namu da awa biyu.