'YAN AJIN ƘARSHE A SAKANDAREN ƘARAMIN GARI: JIYA DA YAU

Gabatarwa

A shagon kawuna akwai wani hoto da ke rataye a bango tun ba a haife ni ba. Hoton 'yan aji biyar ne na sakandaren garinmu, waɗanda suka gama a shekarar 1982. Samari ne cikin farar riga da farin wando, na gaba a zaune, na baya a tsaye bisa benci, firinsifal yana tsakiya, Hakimi yana damansa. Duk baƙon da ya tsaya kallo, sai kawu ya shiga nuna masa su ɗaya bayan ɗaya: wannan ya zama alƙali, wannan malamin gona, wannan soja, wannan kuwa Allah Ya yi masa rasuwa.

Garin namu ƙarami ne a ƙasar Katsina, irin mai kasuwa ɗaya da tasha ɗaya. Ni ma a wannan makaranta na gama a shekarar 2020, amma mu ba mu da irin wannan hoto. Rashinsa ne ya sa na shiga bin diddigin yadda ajin ƙarshe ya samo asali a makarantunmu, da aikin da ya yi wa ƙananan garuruwa, da kuma yadda aka yi ya lalace. Abin da na samo shi ne zan gabatar wa mai karatu a taƙaice.

Asalin al'amarin

Kafin zuwan boko, Bahaushe ya san cewa babban ɗalibi yana da haƙƙi a kan ƙarami. A tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, kuma gardi ne ke biya wa yara allo, ya tsawata musu idan malam ba ya nan. Ranar sauka kuwa ta gari ce gaba ɗaya, don har dabba akan yanka a yi walima. A wajen makaranta kuma akwai Sarkin Samari mai shirya gayya da gyaran hanya. Watau dai ba baƙon abu ba ne a ɗora wa saurayi amana kafin ya zama magidanci.

Turawa sun zo da nasu tsarin daga makarantun kwana na Ingila, inda ake raba ɗalibai gida-gida, a naɗa manyansu firifet. Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, amma inda tsarin ya zauna da gindinsa shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Shekara biyar ake yi a cikinta, kuma manufarta ita ce horar da malamai. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce ake kira Kwalejin Barewa.

Tsarin firifet ya dace da irin mulkin da Turawa ke yi ta hannun sarakuna. Yadda Razdan ke tsayawa a baya ya bar Sarki da hakimai su fuskanci talakawa, haka firinsifal ke barin 'yan ajin ƙarshe su riƙe ɗakunan kwana da kicin da filin wasa. Da aka kafa makarantun midil wajen 1930, aka kuma ɗaukaka su suka zama sakandaren lardi a shekarun 1950, sai duk suka gaji wannan tsari.

To amma a wancan zamani ƙaramin gari ba shi da ajin ƙarshe nasa. Yaro in ya gama elemantare ya ci jarrabawa, sai ya ɗauki akwati ya nufi hedkwatar lardi. Haka marigayi Muhammadu Buhari ya baro Daura ya yi sakandaren lardi a Katsina daga 1956 zuwa 1961. Mutanen gari ba sa ganin ɗansu sai da hutu, in ya gama kuwa En'e ko gwamnati ko soja ne ke ɗauke shi.

Yadda sakandare ta iso ƙananan garuruwa

Abubuwa uku suka sauya wannan hali. Na farko, ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, da ƙara su zuwa 19 a 1976, ya sa kowace jiha ta shiga gina makarantunta. Na biyu, kuɗin man fetur da suka shigo a shekarun 1970. Na uku, shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka ƙaddamar a 1976, ya cika azuzuwa da yaran da dole a tanadar musu wurin ci gaba. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na wannan shekara ya ƙara wa abin ƙarfi, don kowace hedkwata tana son a ce ga sakandarenta. Har manyan makarantu aka kai ƙananan garuruwa, kamar sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Jihar Kano ta kafa a 1977.

A cikin wannan guguwa aka buɗe tamu, ta kwana, su kawu ne kuma rukunin farko. Wannan ne karo na farko da mutanen garin suka ga 'ya'yansu sun girma a gabansu da littafi a hannu, har sun kai ajin ƙarshe.

Ayyukan 'yan aji biyar

Bisa ga abin da na ji daga kawu da abokansa biyu da na zauna da su, ana naɗa firifet ne tun a zangon ƙarshe na aji huɗu. Masu fita su ke ba da sunaye, malamai su tace, sannan a kira kowa a gaban asambuli ya karɓi aikinsa daga hannun wanda ya riƙe kafinsa. Akwai shugaban ɗalibai, da shugabannin gidaje, da mai kula da abinci, da na tsabta, da na wasanni, da na laburare, da mai kaɗa ƙararrawa, da limamin ɗalibai. Kawu shi ne mai kula da aikace-aikace, watau a hannunsa langalanga da fartanya da tsintsiya suke.

Kada mai karatu ya ɗauka sarautar wasa ce. Mai kula da abinci yana tsaye lokacin da ake auna gari da wake daga sito, kuma in gabza ta kasa, shi yara za su tsare. Na tsabta shi ke kai mara lafiya asibitin sha-ka-tafi da tsakar dare. Shugaban gida yana raba faɗa, yana ajiye wa ƙananan yara kuɗin guzuri, yana rubuta abin da kowa ya karɓa. Saurayi ɗan shekara 18 ya koyi lissafin dukiyar da ba tasa ba, ya koyi yadda ake yanke hukunci a tsakanin mutum biyu da ya sani.

Bayan mulki sai ƙungiyoyi. Ƙungiyar muhawara da kacici-kacici takan hau mota ta je ta kara da makarantar wani gari. Ƙungiyar matasan manoma tana da gona a bayan makaranta, amfaninta kuma kicin yake shiga. Akwai 'yan sikawut masu tsare taro ranar hawan salla, ga Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Ikko a 1954, tana shirya wa'azi da karatun dare. Mu ɗaliban Hausa ya kamata mu fi kowa lura da ƙungiyar Hausa, don ita ce ke shirya wasan kwaikwayo. Wannan ma gado ne mai tsawo, domin Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya fara rubuta wasanni yana sukar halayen zamaninsa. Su kawu sun nuna Uwar Gulma a filin makaranta, maza suka ɗaura zane suka fito a matsayin mata, har yau tsofaffin garin suna kiran wani dattijo da sunan da ya fito da shi.

Ranaku biyu ne gari ke shigowa makaranta. Ɗaya ranar gasar wasanni tsakanin gidaje, da gudu da tsalle da jan igiya da langa. Ɗayar kuma ranar jawabi da ba da kyaututtuka, wadda ita ce saukar 'yan boko. Hakimi yakan zo da 'yan rakiyarsa, Sarkin Fawa ya ba da nama, attajirai su sa kyauta, shugaban ɗalibai ya yi jawabin ban kwana da Turanci, wani ya fassara. A nan ake ɗaukar hoto. A nan kuma manyan gari ke gane wane yaro ne za a iya ba wa amana gobe.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Ikon da aka ba 'yan aji biyar ya haifi gwale-gwale. Ƙaramin yaro yakan yi wa babba wanki da ɗiban ruwa, a ƙwace masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki, a sa shi tsallen kwaɗo a kan laifin da bai kai ya kawo ba. Akwai waɗanda suka gudu daga makaranta saboda haka, ba su sake komawa ba. Na tambayi kawu ko shi ma ya taɓa yi, sai ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, mun yi, kuma an yi mana. Allah Ya yafe mana." Ashe makarantar da ta koyar da riƙon amana ita ce kuma ta koyar da danniya, abin da muke kuka da shi a wurin shugabanni.

Yadda abin ya sauya

A 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, aka raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, shekara uku-uku. Aji biyar ya kau, aji uku na babbar sakandare ya maye gurbinsa, aka yi jarrabawar farko ta sabon tsari a 1988. Wannan ya zo daidai da karyewar farashin mai da tsuke bakin aljihun gwamnati. Ciyar da ɗalibai ya yi wa jihohi nauyi, sai aka mayar da makarantu da yawa na jeka-ka-dawo, har da tamu. Yaron da zai tashi ƙarfe biyu ya tafi gona ko kasuwa, yaushe zai zauna gwajin wasan kwaikwayo? Gonar makaranta ta zama fili, daga baya ta zama filaye.

Sannan takardar shaida ta rage daraja. A da mai takardar aji biyar aiki ke nemansa. Da masu ita suka yi yawa, sai ta koma tsani kawai na hawa gaba, musamman bayan kafa hukumar JAMB a 1978. Hukumar WAEC tana nan tun 1952, NECO kuma ta yi jarrabawarta ta farko a 2000. Ajin ƙarshe ya zama na neman kuɗin rajista da haddar tsofaffin tambayoyi. Satar amsa ba sabuwa ba ce, don ɓarkewar takardun jarrabawa ta 1977 sai da ta sa gwamnati ta kafa kotun bincike, amma abin da a da ake yi a ɓoye ya zama wasu iyaye ne ke biyan kuɗinsa.

Na ƙarshe kuma mafi muni shi ne rashin tsaro. 'Yan mata 276 da aka sace a Chibok a daren 14 ga Afrilu, 2014, 'yan ajin ƙarshe ne na ƙaramin gari, jarrabawar fita ce ta tara su. A Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 a sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a Fabrairu 2021 kuma aka yi na Kagara da Jangebe. Bayan haka jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na karkara na wani lokaci, wasu aka kwashe ɗalibansu zuwa birane. Ga shi an koma gidan jiya, ɗan ƙaramin gari sai ya bar gida kafin ya kai ajin ƙarshe.

Namu rabon

Mu annobar korona ce ta faɗa mana. An rufe makarantu a ƙarshen Maris 2020, ba a buɗe ba sai farkon Agusta, shi ma don 'yan ajin ƙarshe kaɗai, aka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga watan. Ni ne mai kaɗa ƙararrawa a shekararmu. Ƙararrawar wani tsohon ƙarfen taya ne da ke rataye a jikin darbejiya, kawu ya ce tun zamaninsu yake nan. Na karɓi sandar bugunsa daga hannun wani a gaban asambuli, amma ban miƙa wa kowa ba, domin babu ƙananan ɗalibai a makarantar. Ranar da muka gama takarda ta ƙarshe, muka yi wa juna rubutu a riga, kowa ya ɗauki hoton kansa da waya, muka watse. Sandar a gindin bishiyar na ajiye ta.

Kammalawa

Abin da na fahimta shi ne, ajin ƙarshe ya kasance wurin da ƙaramin gari ke gwada samarinsa da ƙaramar amana kafin ya ba su babba. An yi kurakurai a ciki, kuma ba na fatan gwale-gwale ya dawo. Amma da aka zubar da tsarin, ba a kawo wani a madadinsa ba. Muhawara da wasan kwaikwayo da ranar ba da kyaututtuka ba su bukatar ɗakin kwana ko kuɗi mai yawa, malami ɗaya mai kishi da goyon bayan tsofaffin ɗalibai sun isa.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowa in ya je hutu ya nemi rukunin farko na makarantar garinsu, ya zauna da su, ya rubuta abin da suka tuna, ya ɗauki hoton hotunansu. Malamanmu kuma su duba ko za a karɓi irin wannan a matsayin kundin digiri. Mutanen da ke cikin hoton kawu sun haura shekara 60, kuma duk shekara yana ƙara yawan waɗanda yake cewa Allah Ya jiƙansu. Allah Ya jiƙan nasu, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.